Abin da Ke Bayan Hotunan Tsakiya

Gwallameji, Bauchi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa ka sauka Jos lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da ka samu. Ummanka tana gaishe ka, ko da yake ita ce za ta cusa takardar cikin jakarka, tsakanin rigunan sanyin da ta tara maka kamar mai tafiya ƙasar ƙanƙara. Na ce mata Jos ce fa, ana zuwa a dawo a yini. Ta ce in bar ta da ɗanta. Na bar ta.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, ba ka daɗe da barinsa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Juma'ar nan da ta wuce. Bayan mun sauko daga masallaci ka ɗauko jitarka, ka zauna gabana a gindin mangwaro, ka ce, "Baba, ga wadda na haɗa da kaina, ina so ka ji kafin in tafi." Ka kaɗa, ka rera. Da ka gama ka ɗago kai kana jira. Ni kuwa na ce, "To, madalla," na miƙe na shiga ɗaki. Na ga yadda fuskarka ta koma. Tun daga ranar nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma na san abin da ka ƙudurta a ranka: Baba ba ya son kiɗana, ya dai ƙyale ni ne don ba yadda zai yi.

Ba haka ba ne, Abba. Waƙar ce ban ji ba. Kunnena ya yi nisa fiye da yadda kuke zato a gidan nan, kuma ba na so ka tafi da wancan zaton a zuciyarka. Amma sai na bi da kai ta hanyar da na biyo kafin ka gane, don haka ka yi haƙuri da tsawon takardar.

A ƙasan jakar za ka tarar na sa maka littattafan nan da kake ɗauka daga kabad ɗina kana zaton ban sani ba, tarihin rayuwar makaɗan rok na Turai da Amurka, waɗanda suka rubuta da kansu, ko dai aka ce su suka rubuta. Na fara sayensu tun ina saurayi, wurin wani dattijo mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a bakin kasuwar Wunti. Lokacin muna da 'yar ƙungiyarmu ta kiɗa, ni ke riƙe da jitar lantarki. Muna yin bukukuwan auren ma'aikata, da rawar ɗalibai in an yi hutu, wani lokaci kuma a otal. Kakanka Malam, wanda kake ɗauke da sunansa, yana can Ƙofar Ran yana ba da karatu a zaure, ɗansa kuma yana yawo a gari da gashi buzu-buzu da wando mai faɗin ƙafa. Ba sai na gaya maka ba a kwashe da daɗi ba. Jitar ma ba ta taɓa kwana a gidan ba, a ɗakin aboki nake barinta.

Littattafan nan duk gini ɗaya gare su. Farko yaro ne ɗan talaka a wani gari mai sanyi da hayaƙin masana'anta, ga uba mai faɗa, ga jitar gwanjo, ga ɗakin ajiye mota inda suke gwaji maƙwabta na zagi. Sai wata rana wani mai hannu da shuni ya ji su. Sai faifai ya fito, sai duniya ta ɗauka. Daidai nan, a tsakiyar littafin, sai ka ci karo da 'yan shafuka masu sheƙi na hotuna. Ga mutumin a kan dandamali, ƙirji a waje, baki a buɗe, bayansa an jera lasifikoki sun fi katangar gidanmu tsawo, gabansa jama'a iya ganinka. To ni a nan nake tsayawa. In kalli hotunan har in haddace su, in rufe littafi, in tashi jini na tafasa in tafi gwaji. Turancin ma yana ba ni wahala, ban ɓoye maka ba. Na taɓa leƙa rabi na biyu na ga ana ta maganar lauyoyi da asibiti, na ce wannan na tsofaffi ne, ba ruwana.

Watan jiya na ɗauko ɗaya daga cikinsu, sai na tarar da guntuwar tsirkiyar jita da ka sa alamar inda ka tsaya. A ina? A hotunan tsakiya. Na ɗauko wani, haka. Na sake ɗauko wani, haka. Na zauna ina dariya ni kaɗai har Ummanka ta leƙo.

"Baban Abba, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ɗanki ne ya gaje ni tun ina da rai."

Ta yi tsaki ta koma kicin. Ni kuma dariyar ba ta daɗe ba, don na san inda irin wannan karatun ya kai ni.

Don haka abu na farko, ka karanta su har bangon ƙarshe. In ka ga ba za ka iya ba, gara ma ka fara daga baya ka taho. Kuma ka karanta da wayo. Wanda ya rubuta littafi shi ne wanda ya rayu, waɗanda ƙwaya da giya suka kwantar ba su samu damar rubuta nasu ba. Za ka ga wani yana ba da labarin sheƙe ayar da ya yi, yana cewa ya yi nadama, amma in ka lura da kyau yana lasar leɓe yake faɗa. Irin wannan tuban ba abin koyi ba ne. Za ka kuma ga kowannensu shi ne gwani, shi ne mai gaskiya a kowace rigima, mai gangar da ya sha wahala tare da shi tun suna yara kuwa da ƙyar yake samun layi biyu. Ka riƙa tambayar kanka, da mai gangar ne ya rubuta, me zai ce?

Namu mai gangar Bitrus ne, mutumin Zungur. Ka san shi, shi ke aiko mana da sabuwar masara kowace damina. A wancan lokacin duk ranar da ya je ƙauye sai ya dawo da ƙullin auduga daga gonar mahaifiyarsa, an cire mata angurya. Kafin ya zauna kan ganguna sai ya murza kaɗan ya cusa a kunne. Wata rana da hantsi muna gwaji a wani shago da muka ara, ya ga na manna jikina da lasifika, na ƙure murya har kwanon rufi yana rawa. Ya ajiye sandunansa ya miƙo mini auduga.

"Aboki, ungo, sa wannan. Wannan sifika naka zai cinye maka kunne."

Na zaro littafi daga jaka, na buɗe masa hotunan tsakiya. Na ce, "Duba nan. Waɗannan su ne iyayen gidanmu a sana'ar nan. Nuna mini guda ɗaya da ya sa auduga."

Ya karɓa, ya duba a natse, ya miƙo mini. Ya ce, "Ai gashi ya rufe musu kunne. Kai ka san abin da ke ciki?"

Muka fashe da dariya. Daga ranar muka raɗa masa suna Mai Jego, tunda masu jego aka sani da auduga a kunne, har gobe akwai masu kiransa da shi. Bai taɓa jin haushi ba, bai kuma fasa sa audugarsa ba.

Ni kuwa da gefen hagu nake tsayawa jikin lasifika, kamar yadda na gani a hoto, don ina son in ji sautin yana dukan haƙarƙarina. Duk muka tashi daga wasa sai in ji wata ƙara a kunne kamar kukan gyare. In na kwana sai ta tafi. Har alfahari nake yi da ita, ina cewa alamar wasa ya yi kyau ce. Wata safiya na tashi ba ta tafi ba. Yau ma da nake rubutun nan tana nan. Da ƙungiyar ta watse, kowa ya yi aure, masu kaset suka ƙwace mana bukukuwa, sai na koma bayar da hayar lasifika, sana'ar da ta ciyar da ku ta gina gidan nan. Nan ma ban yi hankali ba. Kunne nake kangawa a bakin lasifika in gwada ta kafin a ɗauka. Abin da jita ta bari, shagon haya ya ƙarasa.

Ka san na daina zuwa majalisar su Alhaji na bakin titi, na ce muku gulma ta yi yawa. Gulmar na nan, amma ba ita ta kore ni ba. In mutum ɗaya ke magana, yana gabana, ina kallon bakinsa, ina kama mafi yawa. In suka zama uku sai komai ya koma kamar ruwan sama a kan kwano. A yi dariya in yi dariya, ban san ko ni ake yi wa ba. Da zaman gida ya ishe ni ne na ɗauko littattafan nan, na buɗe bayan hotuna, ina bi a hankali da ƙamus a gefe. Sai na tarar da wasu mutane daban. Tsofaffi ne kamar ni. Suna maganar 'ya'yan da suka girma ba su sani ba, da abokan da suka binne, da matan da suka gaji suka tafi. Kuma da yawansu suna da shafi a kan kunne: ƙarar nan tawa, ita ce dai, da yadda suka koma toshe kunne bayan ɓarna ta riga ta auku. Gargaɗin yana cikin jakata tun ina saurayi, na yi ta yawo da shi gari-gari, 'yan shafuka ne kawai tsakanina da shi. Na ji haushin kaina ƙwarai, har na kwana biyu ban taɓa littafin ba.

Abu na biyu ke nan: ka tsare kunnenka. A aljihun gefen jakar akwai robar toshe kunne da na sa aka sayo maka a kemis. Akwai kuma ƙullin auduga. Wannan daga Bitrus ne. Da ya ji za ka tafi, ya haɗo ta da masarar bana, ya ce wa direban da ya kawo ta, "Ka ce wa aboki ya ba yaron, in shi ma ba taurin kai ne da shi kamar ubansa ba." Shi yau yana zaune a ƙofar gida yana jin jikokinsa suna raɗa a bayan rumbu. Ka sa, ko a ɗakin ɗaukar sauti ko a kan dandamali. Kada ka ba lasifika gefenka. In ka tashi da safe ka ji ƙarar jiya ba ta tafi ba, ka huta ranar, ko wa zai yi fushi. Za su raɗa maka suna, na sani. Ka amsa sunan.

Na uku shi ne mai nauyin, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai shekaranjiya.

Lokacin da ciwon Malam ya yi tsanani, kafin a haife ka, mun yi shekaru gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na bar jita tuni, amma abin bai gyaru ba, shi bai yi magana ba, ni ban nema ba. Wata rana bayan la'asar ina zaune gefen shimfiɗarsa a gidanmu na Ƙofar Ran, Goggonka Asabe ta fita ɗumama masa kunu. Sai ya yafito ni da hannu. Na sunkuya. Yadda yake kwance, kunnena na hagu ne ya zo daidai bakinsa. Ya riƙe mini wuyan hannu, ya yi magana mai ɗan tsawo, murya ƙasa-ƙasa. Ina jin ɗumin numfashinsa a kumatuna, amma ban da kukan gyaren nan ba abin da nake ji. Ya gama, ya zuba mini ido yana jira.

Me zai hana in ce, "Malam, ban ji ba, sake faɗa"? Me zai hana in juyo masa da kunnen dama, wanda a lokacin yana aiki sarai? Girman kai ne, ba wani abu ba. In na ce ban ji ba, na yarda ke nan cewa jitar da ya yi ta hana ni ta ci mini kunne. Sai na ce, "To, Malam. Madalla." Ya dube ni ɗan lokaci, ya saki hannuna, ya juya fuskarsa bango. Goggonka ta shigo da kunu. Na ce a raina gobe in ya ɗan samu sauƙi zan dawo ta ɗaya gefen in ja shi da hira. Washegari ba ya gane kowa, kuma bai sake magana ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Ban san me ya ce mini ba, Abba. Ko ya yafe mini ne. Ko amana ya bar mini da ban sauke ba. Ko tambaya ya yi, ta irin wadda madalla ba amsarta ba ce. Na taɓa zagayawa na tambayi Goggonka ko ya gaya mata wani abu a kaina, ta ce ita dai cewa ya yi ta riƙe sallah ta riƙe zumunci. Ina yi masa addu'a kullum, ina kuma yi masa sadaka, amma abin yana nan a ƙirjina. Da aka haife ka na sa maka sunansa.

To ranar Juma'a, da ka ɗago kai a gindin mangwaro, idon Malam na gani. Kuma bakina ya riga ni, ya sake faɗin abin da ya saba. Shi ya sa na tashi na shiga ɗaki, ba don waƙarka ba. Kunya ce ta kama ni, da baƙin ciki.

Don haka in ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba. In ba ka gane ba, ka ce a sake maka. Inda za ka, za ka zauna da waɗanda suka fi ka sanin na'ura, za su yi maka bayani da sauri da Turancinsu na sana'a, kai kuma za ka so ka gyaɗa kai don kada a ce ɗan Bauchi bai waye ba. Kada ka gyaɗa. Za a miƙo maka takardar yarjejeniya a ce sa hannu a nan, ka ce sai ka karanta, har bayanta. Kuma ka guji zama cikin masu gyaɗa maka kai su ma. Mutanen littattafan nan, da suka yi suna, kowa a gefensu madalla yake ce musu, sai da suka tsufa suka gane ba wanda ke saurarensu. Ka nemi aboki irin Bitrus, wanda zai ajiye sanda ya gaya maka abin da ba ka so. Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko ana tsakiyar gwaji, abokan kirki za su jira ka.

Na ce maka sai shekaranjiya na faɗi labarin nan. Ummanka na gaya wa. Na zaunar da ita, na yi gyaran murya, na ce ina da wata magana da na daɗe ina ɓoye mata, kunnena ya kusa mutuwa. Ta dube ni kamar na ce mata wuta na da zafi.

"Baban Abba, shekara nawa ina zagayowa ta hannunka na dama kafin in yi maka magana? Ka zaci motsa jiki nake yi?"

Ta ce ta daɗe tana jiran ranar da zan faɗa da bakina, don ta san in ita ta fara, sai na ce ƙalau nake. Da na ba ta labarin Malam kuwa ba ta yi tsokana ba, sai ta ce, "To shi Abba yana da rai. Ka rubuta masa." Ita ce kuma ta sa na yi alkawarin komawa wurin likitan kunne. Na taɓa zuwa a ɓoye, ya ce na hagu ya tafi, na dama kuma yana kama sauti mai kauri, siririn ne ke wuce shi, ya ce akwai na'urar ƙara ji da za ta iya taimakawa. Na ce zan yi shawara, ban koma ba, don ba na so a gan ni da abu a kunne. Ka ga har da furfura ina nan ina gudun sunan Mai Jego. Sati mai zuwa za mu je, ita za ta raka ni, ta ce ba ta yarda in tafi ni kaɗai ba.

Bari in gaya maka abin da na samu ranar Juma'a, tunda ban gaya maka a lokacin ba. Tsirkiya mai kauri na ji ta, tana zuwa mini kamar daka daga gidan maƙwabta. Sauran da muryarka ban ji ba, kalma ko ɗaya. Amma na kalli hannunka, kuma na san hannu. Na ga yadda kake sauya kamu ba tare da ka duba ba. Na ga ƙaramin ɗan yatsanka yana kaiwa inda nawa bai taɓa kaiwa ba duk shekarun da na yi ina fama. Ka fi ni, Abba, nesa ba kusa ba, kuma na ji daɗi har idona ya ciko. Sai dai kallon hannu ba jin waƙa ba ne, kuma ba zan ce maka ta yi daɗi ba alhali ban ji ta ba. Na gama da irin wannan madallar.

Ga abin da nake roƙo. In ka samu hutu ka zo gida, ka taho da jitar, ta katakon, ba ta lantarki ba. Ka rubuto mini baitocin a takarda da manyan baƙaƙe. Ka zauna ta hannuna na dama, kusa sosai, ka bar ni in ɗora tafin hannuna a jikin jitar yayin da kake kaɗawa. In ka gama, kada ka yarda da madalla daga bakina. In na ce ban ji ba, ka sake. In na sake cewa ban ji ba, ka sake, ko sau nawa ne, har sai na iya gaya maka wane baiti ne ya fi, wane ne kuma yake son gyara. Ban samu na ce wa mai sunanka ya sake faɗa ba. Kai ina ce maka tun yanzu.

Allah Ya tsare maka jinka da ganinka da imaninka. Allah Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin abokai, Ya sa albarka a hannunka da abin da zai samo, Ya jiƙan Malam Ya haskaka kabarinsa, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka sauka ka kira Ummanka, ni kuma ka turo mini a rubuce.

Wassalamu alaikum.

Babanka.